Fashin Baƙi: Ƙaurace wa Sukari na Kwana 30, ko Rage Shi Har Tsawon Rayuwa?

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok a 'yan shekarun nan ya sha cin karo da masu shelar cewa sun ƙaurace wa sukari na kwana 30. Ga hoton mutum kafin ya fara, ga wani bayan ya gama, a ƙasa kuma bayani: teɓa ta sace, fata ta yi sheƙi, barci ya daidaita. A ɗaya gefen akwai masu cewa duk surutu ne, sukari abinci ne kamar kowane abinci, wanda likita bai ce yana da ciwon suga ba babu ruwansa da wannan magana. To, me rage sukari yake yi wa jiki a zahiri? Wa ya kamata ya rage, zuwa wane mizani, kuma har yaushe?

A ganina ɓangarorin biyu duk sun kauce hanya. Sukari ba guba ba ne da cokali ɗaya zai kai mutum ƙasa, amma kuma ɓarnarsa ba ta jiran sai an kamu da ciwo. Ɓarna ce mai taruwa a hankali cikin shekaru, kuma amfanin rage shi ma haka yake taruwa.

Wane sukari ake nufi?

Ruɗanin daga nan yake farawa. Akwai sukari a cikin ayaba da lemu da mangwaro, akwai shi a madara, shinkafa da burodi ma idan sun narke a ciki sukarin gulukos suke komawa. Idan aka ce a daina sukari kwata-kwata ke nan an ce a daina cin abinci.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ware wanda take gargaɗi a kansa. Shi ne duk sukarin da kamfani ko mai girki ko mai ci ya zuba da hannunsa a abinci ko abin sha, sannan da wanda ke cikin zuma, da ruwan sukari mai kauri da ake haɗa kayan zaƙi da shi, da ruwan 'ya'yan itace da aka matse. Wanda ke cikin ɗan itacen da aka ci ɗungurungum, da na madara da ganyaye, ba ya cikin lissafin.

Mutane da dama suna mamakin ganin ruwan lemun da aka matse a cikin wannan jeri. Dalilin shi ne, lemun da ka ɓare ka ci, sukarinsa na ƙunshe ne cikin harza, wato zare-zaren nan da tsokar da kake taunawa. Taunawar na ɗaukar lokaci, harzar na rage saurin shigar sukarin cikin jini, kuma tana cika ciki. Da wuya ka zauna ka cinye lemu uku a jere. Amma lemu ukun nan idan aka matse su kofi ɗaya ne, ka kwankwaɗe cikin minti ɗaya, ka tashi kana neman abinci.

Nawa ne ya yi yawa?

A 2015 WHO ta fitar da ƙa'ida cewa kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, ga manya da yara. Ga babban mutum mai cin kalori 2,000 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci), wannan ya kama giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. Ta ƙara da cewa idan aka sauko ƙasa da kashi 5, wato giram 25 ko cokali 6, an fi samun amfani. Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta fi tsanantawa: cokali 6 ga mace, 9 ga namiji, yaron da bai kai shekara 2 ba kuma kada a ƙara masa ko kaɗan.

Bari mu bi yinin wani mutum da ba ya ɗaukar kansa mashayin zaƙi. Da safe ya zuba cokali 3 a shayi, da dare ya sake zuba 3. Da rana zafi ya dame shi, ya sha gwangwani ɗaya na lemon kwalba mai mililita 330, wanda a irin su Coca-Cola ke ɗauke da kusan giram 35, wato cokali 9. Jimla cokali 15 ke nan, bai taɓa biskit ko alewa ko kek ba, ya riga ya tsallake iyaka. Kuma cokalin da ake lissafi da shi shafaffe ne mai giram 4. Wanda yawancinmu ke ɗebowa da tozo a kai ya kusa ninka haka. Gwangwanin nan kaɗai, idan kullum ne, a shekara ya kusa kilo 13 na sukari.

Yadda zaƙi ya cika duniya

Ɗan Adam da son zaƙi aka haife shi, nonon uwa ma zaƙi gare shi. Abin da ya canza shi ne sauƙin samu. An fara noman rake a tsibirin New Guinea, a Indiya aka gano yadda ake daskarar da ruwansa ya zama ƙwayoyi, kuma ƙarnuka da dama sukari kayan masu hali ne. A wajajen 1700 abin da mutum ɗaya ke sha a Ingila bai wuce kilo 2 a shekara ba. Gonakin rake na yankin Karibiyan, waɗanda bayin da aka kwasa daga Afirka suka noma da jininsu, su suka karya farashinsa, kafin 1900 adadin ya kai wajen kilo 40. Yau duniya na samar da kimanin tan miliyan 180 a shekara, Burazil da Indiya ne kan gaba.

Akwai kuma hannun 'yan kasuwa wajen jinkirta gaskiya. A 2016 wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka bankaɗo tsofaffin takardu da suka nuna cewa a shekarun 1960 wata gidauniyar masana'antun sukari ta Amurka ta biya masana na Jami'ar Harvard kuɗi, suka rubuta nazarin da aka buga a 1967 wanda ya sassauta laifin sukari a ciwon zuciya ya ɗora wa kitse. A daidai zamanin, masanin abinci na Birtaniya John Yudkin yana ta gargaɗi kan sukari, abokan aikinsa da dama suka yi watsi da shi. Wannan bai wanke kitse daga laifi ba. Abin da ya jawo shi ne shekaru aka kwashe ana sayar wa mutane kayan da aka rubuta wa “ba kitse”, alhali an cika su da sukari don ɗanɗano ya dawo.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Farin sukarin da muka sani haɗin abu biyu ne rabi da rabi: gulukos da furaktos. Da zarar ya isa hanji sai su rabu, kowa ya kama hanyarsa.

Gulukos shi ne makamashin da kowane sashe na jiki ke ƙonawa. Idan ya shiga jini, wata gaɓa da ke bayan tumbi mai suna pankiriyas sai ta saki sinadarin insulin, wanda ke sa tsoka da kitse su karɓi gulukos ɗin. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa ne: idan jefi-jefi yake zuwa, da bugu ɗaya ake buɗe masa, idan kuwa ya mayar da abin safe da rana da dare, sai masu gida su fara yin kunnen uwar shegu, dole ya riƙa bugawa da ƙarfi. Haka jiki ke daina jin insulin, musamman idan kitse ya taru a ciki da hanta kuma ba a motsa jiki. Pankiriyas ta yi ta ƙara yawan wanda take fitarwa, shekara da shekaru, har ta gaza. Ranar da aka ce wa mutum yana da ciwon suga nau'i na 2, an daɗe da fara wannan kokawa a jikinsa bai sani ba.

Furaktos kuwa nauyinsa kan hanji da hanta yake. Idan kaɗan-kaɗan yake zuwa, kamar yadda ɗan itace ke kawo shi, babu matsala. Idan ya kwararo lokaci guda daga kwalba, hanta na mayar da wani kaso nasa kitse. Wani ya zauna a cikinta ya zama kitsen hanta, ciwon da a da aka fi danganta shi da mashaya giya amma yanzu ake ganinsa har a jikin yara, wani kuma ya fita cikin jini.

Shi ya sa sukarin sha ya fi na ci haɗari. Abin da aka sha ba ya ƙosarwa yadda abin da aka tauna ke yi, mutum zai sha kalori 140 a gwangwani ɗaya kuma ya ci abincinsa cif, bai rage loma ɗaya ba.

Haƙora ne shaida ta farko

Idan akwai wurin da masana ba su da saɓani a kansa, to baki ne. Ƙwayoyin cuta da ke manne a haƙori suna cin sukari su fitar da sinadari mai tsami, shi kuma ya riƙa zaizaye farin rufin haƙorin. Bayan kowane kurɓi ko tauna, wannan zaizaya na ɗaukar kusan rabin awa kafin miyau ya wanke ya fara gyara. Ke nan yawan lokutan da sukari ke taɓa haƙori ya fi muhimmanci a nan. Wanda ya sha lemonsa tare da abinci ya gama, ya fi wanda ya ajiye kwalba a gefe yana kurɓa tun hantsi har la'asar.

Alƙaluman WHO sun nuna kimanin mutum biliyan 2 ke fama da ruɓewar haƙoran girma, yara fiye da miliyan 500 kuma na haƙoran nono. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne yaron da ake kwantarwa da kwalbar shayarwa cike da abu mai zaƙi don ya yi shiru. Da dare miyau raguwa yake yi, zaƙin ya kwana a bakinsa. Sai ka ga ɗan shekara 3 haƙoransa na gaba na sama sun yi farin tabo a gindi, daga baya su koma ruwan ƙasa, su fara guntulewa, yana kuka idan ruwan sanyi ya taɓa su. Uwar da ta yi hakan ƙauna ce ta sa ta, ba a dai faɗa mata ba ne.

Ƙiba, ciwon suga da zuciya: gaskiya da ƙarin gishiri

Masu hotunan kwana 30 sun fi tallata raguwar nauyi, amma nan ne bincike ya fi rowa. Wani babban nazari da aka buga a 2013, wanda WHO ta dogara da shi, ya haɗa gwaje-gwaje da dama ya gano cewa manyan da suka rage sukari sun rage ƙasa da kilo 1 ne a matsakaici. Waɗanda suka cire sukari suka cike gurbinsa da wani abinci mai sitaci daidai yawan kalorinsa, nauyinsu bai motsa ba. Wanda ya bar lemon kwalba ya ninka farin burodi bai yi nisa ba.

A kan ciwon suga, nazarin 2010 da ya tattara bayanan mutum fiye da 300,000 ya nuna masu shan abin sha mai sukari sau 1 zuwa 2 a rana sun fi masu sha jefi-jefi haɗarin kamuwa da nau'i na 2 da kashi 26 cikin 100. A kan zuciya, wani binciken Amurka na 2014 ya gano waɗanda sukari ya kai kashi 17 zuwa 21 na kuzarinsu sun fi waɗanda suka tsaya a kashi 8 haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da jijiyoyin jini da kashi 38. Masu suka suna cewa irin wannan bincike bibiyar mutane kawai yake yi, kuma mai yawan shan lemo sau da yawa shi ne mai shan taba, marar motsa jiki. Wannan suka tana da tushe, kodayake masu binciken suna ƙoƙarin tace waɗannan abubuwa.

Sai ga wata shaida ta daban daga tarihi. Lokacin Yaƙin Duniya na 2 Birtaniya ta taƙaita sukarin da kowa zai saya, ba ta ɗage dokar ba sai a Satumban 1953, kuma nan da nan shansa ya kusa ninkawa. A 2024 mujallar Science ta buga binciken da ya kwatanta waɗanda aka ɗauki cikinsu kafin ɗage dokar da waɗanda aka ɗauki cikinsu bayan an ɗage ta. Waɗanda suka yi kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa shekara 2, a lokacin ƙarancin sukari, haɗarin ciwon suga ya ragu musu da kusan kashi 35, na hawan jini da kusan kashi 20, kuma waɗanda suka kamu ma ciwon sugan ya yi jinkirin zuwa da kimanin shekara 4. Ba su suka zaɓa ba, ranar haihuwa ce ta raba su, shi ya sa shaidar ke da nauyi. Abin da aka ba jariri yana bin sa har furfura.

Akwai kuma maganganun da ba su da madafa. Cewa sukari na sa yara rawar kai, an gwada sau da dama, nazarin 1995 da ya haɗa gwaje-gwajen bai ga wani bambanci ba. Cewa daina sukari na kashe ciwon daji da yunwa ba gaskiya ba ne, hanta da kanta take ƙera gulukos idan babu, kuma wannan magana ta sa wasu majinyata sun rame a lokacin da suka fi buƙatar ƙarfi. Alaƙar da aka tabbatar ta hanyar ƙiba ce, wadda aka danganta da nau'in ciwon daji 13. Ciwon suga nau'i na 1 kuwa, wanda ya fi kama yara, garkuwar jiki ce ke lalata sashen da ke samar da insulin. Bai kamata a riƙa zargin yaron ko iyayensa da shan zaƙi ba.

Me ya sa kwana 30 ba ya isa

Ba na raina wanda ya yi wata guda bai sha sukari ba. Ya koyi karanta jikin kwali, ya gano inda zaƙi ke ɓuya, kuma sauye-sauye kamar raguwar kitsen hanta kan fara cikin 'yan makonni. Matsalar tana rana ta 31. Duk abin da aka lissafa a sama, daga haƙori zuwa pankiriyas, lissafin shekaru ne. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya, kuma wannan ya shafi ɓarnar da gyaran baki ɗaya.

Tsananin dokar ma kan zama sanadin faɗuwa. Wanda ya rantse ba zai ƙara ɗanɗana zaƙi ba, ranar da ya ci yanka ɗaya na kek sai ya ce ai an riga an karya, ya koma fiye da da. Wanda ya ce shayinsa daga cokali 3 zai koma 2, bayan makonni ya koma 1, babu ranar da zai ji ya faɗi. Harshe yana sabawa. A wani gwaji da aka buga a 2016, waɗanda aka rage wa sukari na wata 3 sun riƙa jin abinci mai ɗan zaƙi ya fi musu zaƙi fiye da yadda sauran ke ji. Binciken Jami'ar Landan na 2009 kan yadda ɗabi'a ke kama jiki ya samu matsakaicin kwana 66, wasu har fiye da wata 8. Wa'adin kwana 30 na ƙarewa ne tun sabon hali bai yi saiwa ba.

Inda ya fi dacewa a fara shi ne abin sha, domin nan ne sukarin ya fi yawa kuma barinsa ba ya jawo yunwa. Bayansa sai kayan gwangwani da na leda da ba a zargi: yogot mai ɗanɗano, hatsin karin kumallo na kwali, miyar tumatir ta kwalba, abin sha mai ƙara kuzari. A jikin kwali ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, idan sukari na cikin ukun farko an san inda aka dosa. Yakan zo da wasu sunaye, yawanci masu ƙarewa da “ose” ko masu ɗauke da “syrup”. Raba giram ɗin sukarin da aka rubuta gida 4 ka sami yawan cokali. A ma'aunin Birtaniya, abincin da ya haura giram 22.5 cikin giram 100 mai yawan sukari ne, wanda bai wuce giram 5 ba mai kaɗan ne.

Zuma, sukari mai ruwan ƙasa da zaƙin roba

Zuma abinci ce mai daraja, amma kusan kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma a lissafin cokulan rana take. Jaririn da bai kai shekara 1 ba kada a ba shi ita sam, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Sukari mai ruwan ƙasa kuwa kusan farin ne da ɗan ragowar ruwan rake a jikinsa.

Sinadaran zaƙi marasa kalori, irin su asfatam da sitibiya, a kansu masana suka rabu. A Mayun 2023 WHO ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba, domin ba ta ga amfaninsu a dogon zango ba, sai dai shawarar ba ta haɗa da masu ciwon suga ba. Wasu likitocin na ganin ga wanda ke shan kwalba 3 a rana, komawa marar sukari ci gaba ne babba. Ina tare da su a matsayin tsani na wucin gadi, muddin inda aka nufa shi ne ruwa.

Haraji: laifin mai sha ko na mai sayarwa?

Mekziko ta sa harajin feso 1, kuɗin ƙasar, kan kowace lita ta abin sha mai sukari a 2014, saye ya ragu da kusan kashi 6 a shekarar farko, ya fi raguwa a gidajen talakawa. Birtaniya ta bi wata dabara a 2018: yawan sukari, yawan haraji, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu tun kafin dokar ta fara aiki. Masu adawa na cewa talaka ne ke biya, kuma ana yi wa mutane shisshigi a abin da za su ci. Masu goyon baya na amsa cewa talakan ne kuma ya fi shan wahalar jinyar ciwon suga, da wankin ƙoda, da yanke ƙafa. Hanyar Birtaniya ta fi kwanta min, domin ta taɓa abin da ke cikin kwalbar kafin ta taɓa aljihun mai saye.

Waɗanda dole su yi hattara

Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyi irin su gilibenkilamaid, kada ya sauya cimarsa farat ɗaya ba tare da likitansa ya daidaita maganin ba. Sukarin jininsa na iya faɗuwa, ya fara karkarwa da zufa da jiri har ya suma, kuma a wannan hali sukari ne ke cetonsa, shi ya sa ake so ya riƙa yawo da shi a aljihu. Haka yaro mai gudawa, ruwan gishiri da sukari ne maganinsa, domin gulukos ne ke jan gishiri da ruwa su ratsa hanji. Kada ƙyamar sukari ta sa a hana shi.

Ga wanda gwaji ya nuna yana bakin kamuwa da ciwon suga, akwai labari mai daɗi. Babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2002, ya nuna gyaran cima da rage kashi 7 na nauyi da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58, yayin da maganin metfomin ya rage kashi 31. Sai dai sai an san matsayi ake gyara. Ƙungiyar Masu Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ke da ciwon a 2021, kusan rabinsu ba su sani ba. Gwajin jini kafin karyawa da ya kai 7.0 a ma'aunin milimol, ko 126 a na miligiram, idan aka maimaita ya sake nuna haka, ciwon suga ne. Duk wanda ya ba shekara 35 baya, ko yake da teɓa, ko ciwon ke cikin danginsa, ko yake yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ya je a duba shi ko da ya daɗe da rage sukari.